Kati Uku da Na Zare

Ramlatu, ke kika jawo wannan babin, don haka da ke zan fara, sauran 'yan'uwanki su saurara. Kin tuna ranar da kika zo hutun Sallah, muna zaune a rumfar gidan nan na Kazaure bayan la'asar, kin ɗora kwamfutarki a cinya, na ce ki nuna mini abin da ake biyanki a kansa, tunda ni dai ban ga kina komai ba sai danne-danne da shan shayi. Kika yi dariya kika matso. Kika ce idan mutum zai fara aikin manhaja, kafin ya rubuta ko layi ɗaya sai ya buga git init, wato ya buɗe wa aikin rumbun da zai riƙa ajiye tarihinsa. Idan ya yi gyara, ya buga git add ya ware abin da ya taɓa, sannan git commit, ya rubuta a taƙaice abin da ya canza da dalilinsa, shi ke nan ya shiga rumbu da sunansa da ranar. Kika ce ba a gwaji a kan uwar aiki, reshe ake cirewa da git branch a yi ta ɓarna a can, sai abu ya yi kyau a haɗe shi da git merge. Kika buga git log, sai ga sunaye suna gangarowa, wane ya yi kaza ranar kaza, wance ta gyara kaza. Kina ta jira in ce ban gane ba. Ai kuwa na gane tsaf, har ina riga ki zuwa ƙarshen magana, domin ba a bakinki na fara jin wannan karatun ba. Sai na yi miki tambaya ɗaya.

"To idan mutum ya zare layi uku ya yi shiru fa?"

"Haba Baba, ina zai kai su?" kika ce. "Ko ya goge a nasa, tarihin yana hannun duk wanda ke cikin aikin. Ina buga git diff za su fito da ja. In na ga dama in mayar da su da git revert kafin shayina ya huce."

Na tashi na shige ɗaki, ban fito ba sai da aka kira magariba. Kin ce wa mahaifiyarku hawan jinina ne ya motsa. Ba jini ba ne. Kun taso kuna jin ana cewa ni na kai wa ƙauyenmu na ƙasar Gwiwa rijiyar burtsatse, har yau famfon Haruna suke ce mata, kuma duk wanda ya je a cikinku sai an nuna masa ita ana sa mini albarka. Gaskiya ne ni na kai ta. Yadda na kai ta ne ba ku sani ba, ita ma mahaifiyarku a takardar nan za ta ji.

A shekarun da kuɗin fetur ya fara malala, lokacin ƙasar nan tamu tana cikin jihar Kano, aka kafa wani shirin haƙa rijiyoyi, ofishinsa a nan Kazaure, yana kula da Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa. Motar haƙa guda ɗaya ce tal, kuma wuri ashirin kawai za ta iya yi kafin ruwa ya sauka hanyoyi su ɓaci, masu neman ruwa kuwa sun fi a ƙirga. Domin kada a ce an yi son kai, sai aka ce kwamfuta ce za ta jera ƙauyukan, wanda ya fi buƙata a sama. Kwamfutar tana Kano, ta cika ɗaki guda, ana sanyaya mata shi kamar 'yar lele, mu da muka kawo aiki muna tsaye a waje muna gumi. Ba a yi mata magana sai da kati. Kowane kati layi ɗaya ne na umarni, ana huda shi da wani inji mai kama da tafireta, shi kuma yana ofishinmu. Abin da kuke kira manhaja, mu a akwati muke ɗaukarsa, kati ɗari huɗu da wani abu, duk Laraba a kai shi Kano a bayan Landiroba, a dawo da doguwar takarda.

Wanda ya rubuta manhajar shi ne Malam Bulus, mutumin kudancin Zariya, Kirista, ya girme ni da kamar shekara goma. Ni da farko mai buga tafireta ne kawai. Shi ya ga hannuna yana da sauri, ya roƙi Injiniya, shugaban ofishin, a ba shi ni, ya zaunar da ni wata da watanni yana koya mini har na iya karanta kati kamar wasiƙa. Mutum ne mai tsantseni har ya kai ga ban haushi. Akwatinsa biyu ne, na aiki a kan tebur, da wanda yake kira uwa, a kulle a kabad. Ba a taɓa uwa. A na aiki ake gyara, idan gyara ya tabbata a kwafe shi a saka a uwa, sannan a ɗauko wani littafi mai baƙin bango a rubuta ranar da abin da aka canza da dalili, a sa hannu. Bayan haka ya ɗauki jan alƙalami mai kauri ya ja layi a karkace a kan gefen katunan, daga wannan kusurwa zuwa waccan, yadda idan kati ya ɓace ko ya sauya wuri layin zai karye, ido ya gani. Sau nawa na ce masa, Malam, harafi ɗaya ne fa na gyara, shi ma sai an rubuta?

"Rubuta," zai ce. "Yau kana tune, bayan wata uku za ka rantse ba ka yi ba. Ni ban yarda da kaina ba, da littafin na yarda."

Gida ɗaya muke haya, ɗakinsa yana kallon nawa. Matarsa Saratu ita ta zauna da mahaifiyarku ranar da ta haifi yayanku Aminu, ni ina Kano da akwati. Da Kirsimeti shinkafarsu muke ci, da layya cinya guda tasu ce. Na faɗi wannan ne don kada wani a cikinku ya nema mini mafita ya ce ai baƙo ne.

A bazarar shekarar da nake ba ku labari, Malam Bulus ya bi masu awo zuwa arewacin Kanya Babba, suka sauka a rugar wani dattijo, Arɗo Buba. Ya dawo bai yi magana da kowa ba har washegari. Abin da ya gani shi ne mutanen rugar ba su da yawa, shanunsu ne masu yawa, manhajarmu kuwa mutane kaɗai take ƙirgawa, saboda haka ko shekara goma za a yi ruga ba za ta taɓa hawowa sama ba. Ya sami Injiniya ya ce wannan kuskure nasa ne shi Bulus, dabba ma baki gare ta, kuma ran waɗannan mutane a jikin dabbobinsu yake. Injiniya ya yarda, har ya faɗa a gaban hakimi, Arɗo yana zaune, cewa daga yau an sa shanu a lissafi. Ran Litinin Malam Bulus ya huda kati uku na ƙirga shanun. Ina zaune kusa da shi, da idona na ga ya saka su a na aiki, ya kwafa ya saka a uwa, ya sake jan layi, ya rubuta a littafi ya sa hannu. Bai gama rufe littafin ba masinja ya shigo da takardar waya, wato telegiram, daga gida, mahaifinsa ya rasu. Ya miƙa mini makullin kabad, ya ce in kai akwati Kano ran Laraba in ba Injiniya jerin. Kafin azahar sun hau mota shi da Saratu.

Na kai akwatin. Takarda ta fito, na tsaya a bakin ƙofa ina bin ta da yatsa. Rugar Arɗo Buba ce ta ashirin. Ƙauyenmu na ashirin da ɗaya. Na sake bi daga sama wai ko zai canza. Da na dawo Kazaure na tarar Injiniya ya tafi Babura ba zai dawo ba sai mako mai zuwa, na naɗe takardar na sa a aljihu, ran Juma'a na hau babur na tafi ƙauye wurin iyayena. Da na san abin da bakina zai jawo da na haɗiye, amma ina yaro, ina son a san ina da sani. Muna zaune a zaure da Baba da yayana, na ce saura ƙiris da mun shiga, wata ruga ce ta sha gabanmu saboda an fara ƙirga shanu. Baba ya ajiye igiyar da yake tuƙawa ya dube ni.

"Sake faɗa in ji."

Na sake faɗa.

"Wato uwarka aka ɗora a ma'auni da saniya, saniya ta rinjaya. Kuma ɗanta ne ya ɗauko ma'aunin a bayan mota."

"Baba, ba ni ba ne, inji ne."

"Injin wa yake ba shi abinci? Haruna, mun sayar da akuya mun kai ka makaranta, ba mu taɓa cewa ka kawo mana komai ba. Je ka cikin gida ka dubi kan matar nan, ka dawo ka sake ce mini inji ne."

Ban buƙaci zuwa ba, na san kan Inna. Tun ina goye take tashi da asuba ta yi tafiya mai nisa zuwa rijiyar da ke bayan dutse, sawu biyu, da bazara uku, ta jira ruwa ya taru a ƙasa ta kwarfa. Tsakiyar kanta inda gammo ke zama gashi ya daina fitowa, wuyanta kuma ba ya juyawa, in za ta dube ka sai ta juyo da dukkan jikinta. Ta ji mu daga tsakar gida, ta leƙo.

"Malam, ka bar shi ya ci abinci mana. Ruwa ai muna sha."

Wannan maganar tata ta fi ta Baba yi mini ciwo. Amma ku ji ni da kyau, kada ku ɗora wa kakanku komai. Bai san mene ne kati ba, bai ce in zare komai ba, har ya koma ga Allah yana zaton roƙo na yi aka ji. Ni kaɗai na san akwai kati uku, ni kaɗai ke da makulli.

Ran Litinin da hantsi na aiki masinja kasuwa, na tura ƙofa. Na zare ukun daga akwatin aiki. Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi, domin Malam Bulus yana dawowa zai ɗauko uwa ya gwada ya ga an taɓa. Na sani, shi ya koya mini. Saboda haka na buɗe kabad na zare na uwar ma. Jan layin ya ɗan karye a akwatunan biyu, ɗan tsalle kaɗan wanda ba kowa zai lura ba, amma shi zai lura, sai na ɗauki alƙalaminsa na bi ta kai na kauri shi har ya miƙe. Na buɗe littafin da niyyar yage shafin, na ga ya sa wa kowane shafi lamba, na rufe na bar shi. Takardar farko na haɗa ta da tsofaffin takardu na ba mai ƙosai ta bakin ofis, ta yi ta godiya. Katunan shida na jefa su a murhun mahaifiyarku lokacin da ta shiga ɗaki ɗauko gishiri. Ran Laraba na koma Kano, takarda ta fito, ƙauyenmu na ashirin, ruga ta gangara ƙasa. Injiniya ya karɓa ya duba sama-sama ya sa hannu, domin aikin Bulus ba ya buƙatar dubawa. Na ce wa kaina baɗi ma shekara ce, ruga za ta samu. Wallahi har na yi barci.

Wata guda Malam Bulus ya yi a gida. Kafin ya dawo mota ta fita, kuma Injiniya ya tsara a fara daga ɓangaren Gwiwa a gangaro, don haka ƙauyenmu na cikin na farko. Ina wurin ranar da ruwa ya ɓullo. Mata suna guɗa, yara suna birgima a taɓo, aka ciko ƙwarya aka kai wa Inna, ta sha ta zauna a ƙasa tana kuka. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi murna ranar, murna ta gaske, ko tunawa da ruga ban yi ba.

Ya dawo a rame. Bayan gaisuwa abin da ya fara tambaya jerin ne. Ya duba, ya ga inda ruga ta faɗa, ya ce ashe shanun ba su isa su ɗaga su ba. Na ce a raina an wuce wurin. Ina! Washegari na same shi da fensir yana lissafin da hannu, ya yi sau biyu, ya ce bai yi daidai ba, ya kamata su shiga. Ya ɗauko akwatin aiki ya bi shi kati bayan kati, bai gan su ba. Ya yi murmushi, ya ce ba komai, ai don irin wannan ranar ake ajiye uwa. Ya buɗe kabad. Ina zaune a gaban injin hudawa ina buga abin da ban san ko mene ne ba, ina jin ƙarar katunan a hannunsa. Ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ya jera akwatunan biyu yana duba jan layin, ya kai su bakin taga wurin haske. Ya buɗe littafi ya karanta rubutun hannunsa, ya ɗora yatsa a kan sa hannun ya daɗe. Sannan ya juyo.

"Haruna, ranar nan kana nan. Ka ga na saka su?"

Ga ƙofa a buɗe Allah ya ba ni. Kalma ɗaya ce, kuma na san mutumin, da ya yi faɗa ya huce, da mun je wurin Injiniya tare, watakila da an ƙara wa mota wuri ɗaya. Abin da ya fito daga bakina shi ne,

"Na ga kana hudawa, Malam. Sakawa dai ban lura ba, lokacin ne waya ta zo."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Waya ta zo," ya ce. "Haka ne. Ashe rubutawa na fara yi kafin in saka. Ni Bulus."

Bai jira a gano ba, da ƙafarsa ya shiga wurin Injiniya ya ce ya rubuta ya yi abin da bai yi ba. Aka kira ni. Injiniya ba yaro ba ne, ya ɗauki jerin ya ce, wannan ƙauye na ashirin da ya shiga a madadin ruga, ba garin Haruna ba ne? Kuma makulli a hannun wa yake? Gumi ya keto mini, na buɗe baki. Malam Bulus ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, cire yaron nan a ciki. Ni na koya masa, ba zai taɓa uwa ba ko da wuƙa a wuyansa. Ga layin nan bai karye ba. Laifina ne."

Kwana uku bayan haka Arɗo Buba ya zo da mutum biyu, sun yi sammako daga can. Ya ƙi zama a kujera, ya tsaya riƙe da sandarsa. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi. Ya ce kowace shekara in bazara ta yi tsanani suna tashi da shanu su nemi ruwa, bana ba su tashi ba, saboda an faɗa a gaban hakimi an sa su a lissafi, suna tsoron mota ta zo ta tarar da kango ta wuce. Sun zauna suna jira har shanu suka fara kwanciya ba su tashi. Injiniya ya ce bututu da siminti duk an raba, babu yadda za a yi sai baɗi. Arɗo ya dubi Malam Bulus, wanda ya sha nono a rugarsa.

"Kai ne ka zauna a tabarmata ka rubuta shanuna ɗaya ɗaya. Da ba ka zo ba, da yanzu muna inda ruwa yake."

Malam Bulus ya durƙusa a gabansa, babban mutum da shi, ya ce a gafarce shi. Arɗo ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya juya. Kafin damina sun kwashe abin da ya rage sun tsallaka Nijar, ban sake jin sun dawo ba. Baɗin da nake ta jingina da shi bai zo ba, motar haƙa ta lalace, kayan gyara suka ƙi zuwa, shirin ya mutu a tsaye.

Ba a kori Malam Bulus ba, takardar gargaɗi kawai aka ba shi, Injiniya ma ya roƙe shi ya zauna. Amma mutumin ya riga ya karye. Sai ya huda kati ya saka, ya rufe akwati, ya sake buɗewa ya duba, ya kira ni in duba, ni fa. Ya kulle kabad mu kai bakin titi ya koma ya taɓa kwaɗon. A gida ina jin Saratu ta bango tana cewa kuskure ne, kowa na yi, yana cewa ba irin wannan ba. Mahaifiyarku ta dame ni in je in ba shi baki tunda yana jin maganata, na je na zauna a ɗakinsa na ce ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Kafin shekara ta ƙare ya ajiye aiki. Ya ce wanda hannunsa zai rubuta abin da bai yi ba, bai kamata a ba shi amanar ruwan mutane ba. Ni aka ba kujerarsa, bisa shawararsa. Daga wannan kujerar na hau duk matakan da kuka sani, da ita aka gina gidan nan, da ita kuka yi karatu.

Kada ku zaci ban yi yunƙurin gyarawa ba, na yi, sau ɗaya, kuma shi ne mafi muni. Bayan shekara ashirin da wani abu, Baba da Inna duk sun rasu, ba sauran wanda zan ce ina karewa, na nemi garinsu na tuƙa mota ni kaɗai. Duk hanya ina maimaita abin da zan faɗa, har na haddace. Saratu ce ta fito, ta tsufa, ta rungume hannuna tana kiran sunan mahaifiyarku tana tambayar Aminu. Kafin ta shigar da ni ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta rage murya. Ta ce tun da suka baro Kazaure bai sake yin aikin ofis ba, noma yake, an nemi ya riƙe wa majami'arsu littafi ya ƙi, ko wasiƙa zai aika wa 'ya'yansa sai ta karanta ta tabbatar masa abin da ya rubuta ke nan. Ta ce zuwana zai yi masa daɗi, kullum yana cewa a duk waɗanda ya koyar ni ne ban ba shi kunya ba.

Na same shi a ƙarƙashin mangwaro yana gyaran fartanya. Ya miƙe da ƙyar ya riƙe ni, ya ƙi saki. Aka kawo abinci, ya yi ta tambayata aikin yanzu, yana murna wai an daina kati. Na jira Saratu ta kwashe kwanuka, na gyara zama, na ce Malam, akwai maganar da ta kawo ni, a kan shekarar nan ce ta rugar Arɗo. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bari in riga ka, Haruna, na daɗe ina roƙon Allah ya haɗa mu kafin in mutu. Ranar nan a ofishin Injiniya, saboda sakacina aka dube ka da idon ɓarawo, kana yaro, ba ka ji ba ba ka gani ba. Na ga yadda gumi ya jiƙa maka riga. Ban taɓa ba ka haƙuri ba, kunya ce ta hana ni. Ka yafe mini."

Idonsa ya cika, yana riƙe da hannuna da hannu biyu yana jira. Abin da na haddace yana nan a bakina, ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. Na dubi tsohon nan na ga idan na faɗa, zai san shekara ashirin ɗin da ya yi yana tsoron kansa a banza ya yi su, kuma wanda ya tsaya wa ne ya yi masa. Haka na gaya wa kaina a lokacin, wai tausayinsa nake ji. Ƙarya ce, na daɗe da sanin ƙarya ce. Yadda yake kallona ne ba na so ya canza.

Na ce, "Na yafe, Malam."

Ya saki ajiyar zuciya, ya ce yau zai yi barci. Ya sa aka cika mini but ɗin mota da doya, ya tsaya a bakin hanya yana ɗaga hannu har na sha kwana. Da damina ta zagayo Saratu ta aiko cewa ya rasu, kuma ya bar saƙo a gaya mini ya gode.